Tambayi Mama: Kishina Zunubi Ne?

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan kishi suke. Na ɗauki huɗu. Kamar yadda muka saba, na cire sunaye, na kuma rage wa wasu tsawo.

TAMBAYA TA ƊAYA

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana shi ne shugaban mawaƙa a ikilisiyarmu. Akwai wata budurwa a cikinsu, ita ke ba da waƙa sauran su amsa. Tun bara na lura in an tashi daga koyon waƙa ranar Alhamis, shi ke kai ta gida a babur, ba ya dawowa sai wajen ƙarfe tara. Da dare in saƙo ya shigo wayarsa sai ya kifa ta, ko ya fita tsakar gida. Ban kama shi da komai ba, Mama, ba zan yi masa sharri ba. Amma ranar Lahadi in ta miƙe za ta yi waƙa, sai in ji abu ya tokare min maƙogwaro, har baiko nake kasa fita. Na kai kukana wurin shugabarmu ta Zumuntar Mata, ta buɗe min 1 Korantiyawa 13, ta ce ƙauna ba ta kishi, in je in tuba, in daina sa wa bawan Allah ido. Na yi azumi, abin bai tafi ba. Ga shi kuma ni da bakina nake koya wa yara a Makarantar Lahadi cewa Allah mai kishi ne. To wanne zan kama? Kishina zunubi ne?

Matar mawaƙi, daga Kafanchan

AMSA

'Yata, sannu da haƙuri. Ayar da shugabarku ta buɗe miki gaskiya ce, sai dai ba maganin ciwonki ba ce. Manzo Bulus ɗin da ya rubuta wa Korantiyawa cewa ƙauna ba ta kishi, shi ne ya sake rubuta wa mutanen nan dai, a wasiƙarsa ta biyu sura 11 aya 2, cewa yana kishinsu da kishi irin na Allah. Ba mantuwa ya yi ba. A wasiƙa ta fari faɗa yake yi musu don sun rarrabu, wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce shi na Afolos ne, mai baiwar harsuna yana hura hanci, wanda ba shi da ita yana cizon yatsa. Kowa yana hangen abin da ke hannun ɗan'uwansa. A ta biyu kuwa, malaman ƙarya ne suka shigo suna hure wa masu bi kunne, sai Bulus ya yi tsayuwar waliyyin amarya, ya ce ya riga ya ba da su ga miji ɗaya, wato Almasihu, ba zai zuba ido wani ya janye su ba. Amaryar ma ba tasa ba ce. Alkawarin da aka ɗaura yake tsaro.

Haka kishin Allah da kike koya wa yara yake. Fitowa 20:5 ta faɗe shi a cikin Dokoki Goma, Fitowa 34:14 kuma ta ce sunansa ma Mai Kishi ne. Ki duba inda wannan aya ta biyu ta faɗo: bayan Isra'ilawa sun narka 'yan kunnensu na zinariya sun ƙera ɗan maraƙi a gindin Dutsen Sina'i, suna rawa a gabansa, alhali ba a jima ba da suka ɗaga murya suka ce duk abin da Ubangiji ya faɗa za su yi. Allah bai taɓa ƙyashin gunki ba, me gunki yake da shi da Allah zai yi sha'awa? Mutanensa yake kishi, waɗanda ya fitar daga Masar ya ƙulla alkawari da su. Alkawari ne a gaba, kishi ya biyo bayansa.

Ke ma kina da alkawari. A gaban bagade, a gaban iyayenku da ikilisiya, mutumin nan ya ce ya rabu da sauran mata ya manne miki. 1 Korantiyawa 7:4 ta ce miji ba shi da iko da jikinsa, sai matarsa. Saboda haka in ya kifa waya zuciyarki ta buga, ba kayan wani kike hange ba, naki kike tambaya. Macen da mijinta zai raba dare da wata a waje ta ce ita ko a jikinta, ni ban kira wannan tsarki ba. Ko dai ƙaunar ta mutu, ko an tsorata ta har ta haɗiye harshenta. Hausawa kan ce kishi kumallon mata, a yi dariya a wuce. Ni maganar nan ba ta burge ni, domin da ita ake mayar da kukan mace na gaskiya ya zama wata 'yar cutar da za ta motsa ta kwanta. Kuma Karin Magana 6:34, da ta zo maganar kishin da ke tunzura mutum har ya ƙi jin roƙo, namiji ta ambata.

Amma fa 'yata, a wasiƙarki na ga abu biyu, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Na farko babur da waya. Na biyu abin da ke tokare miki maƙogwaro in yarinyar ta miƙe za ta yi waƙa. A wannan lokacin ai ba ta kan babur ɗin mijinki, yabon Allah take yi da muryar da Allah ya ba ta. Ki shiga ɗaki ki tambayi kanki, ba mai jin amsar sai ke da Ubangiji: in gobe aka ce muryarta ta dushe, ko an sa ta a horo an mayar da ita kujerar baya, za ki ji sanyi a ranki? In amsar i ce, to abin ya fara tsallaka iyaka. Wuta ɗaya ce, a murhu ta dafa tuwo, in ta kama jinka kuwa sai a kwana a waje. Kishin da ke tsaron alkawari so yake mijinki ya dawo cikin hayyacinsa. Wanda Yakubu 3:14-16 ta kira mai ɗaci, so yake wani ya faɗi, kuma Yakubu ya ce inda yake, nan hargitsi da kowane mugun aiki suke.

Akwai mutumin da nake so ki zauna da labarinsa wannan mako, Yusufu mijin Maryamu. Ke zato kike yi, shi kuwa ciki ya gani da idonsa, ya kuma san ba nasa ba ne. Shari'ar Musa ta ba shi dama ya kai ta ƙofar gari, hukuncin kuma jifa ne. Matiyu 1:19 ta ce da yake shi adali ne, bai so ya kunyata ta a gaban jama'a ba, sai ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Bai ce ba komai ba, ya ji ciwo har ya yanke shawarar rabuwa. Amma bai nemi jininta ba, bai nemi a yi da ita a bakin rijiya ba. Kuma don bai yi gaggawa ba, mala'ika ya same shi tun bai aikata abin da zai yi da na sani ba.

To ga abin da zan ce ki yi. Kada ki tari yarinyar, ko a hanya ko a waya. Ba ita ta yi miki alkawari ba. Kada ki lallaɓa ki ɗauki wayarsa yana barci. Abin da za ki gani rabin magana ne, sauran rabin zuciyarki za ta cika, kuma ba da alheri za ta cika ba. Kada kuma ki kai sunanta wurin masu addu'ar nan da ke ganin wahayi in an ajiye musu kuɗi, su ba ki mai ko ruwa a gora ki yayyafa a abincin mijinki. Na ga matan da suka fita neman a kare musu aure suka dawo da abin da ya fi na boka muni, sunan Yesu kawai aka liƙa a kai.

Shi za ki yi wa magana. Ba ranar Lahadi ba, ba a gaban yara ba, ba kuma yana shigowa da yunwa ba. Ki bari ya ci ya sha ruwa, sannan ki faɗi abin da idonki ya gani, ki bar abin da zuciyarki ta raya miki. Ki ce: “Baban yara, na ga kana kai wance gida da dare kai kaɗai, na ga kana kifa waya in na shigo. Abin yana min ciwo. Ina roƙonka ka daina ɗaukarta, a samu wani ya riƙa kai ta.” Wannan roƙo ne na halal, haƙƙinki ne. In ya taso da cewa zarginsa kike yi, ki ce ba ki zarge shi ba, abin da kika gani kika faɗa. Mutumin da hannunsa yake da tsabta ba abin da zai rasa in ya daina ɗaukar budurwa a babur da dare, man fetur ma zai rage. In ya ƙi ji, Matiyu 18:15-16 ta nuna mataki na gaba: ki kira mutum ɗaya ko biyu. Uban aurenku da uwar aurenku ba don hoto kawai aka tsayar da su ranar biki ba. In nan ma bai yi ba, sai fasto.

Bari in ɗan juya wurin fastoci da dattawa masu karanta wannan shafi. Magidanci yana ɗaukar 'yar mutane da dare mako bayan mako, kowa yana gani, ba wanda ya ce uffan, sai matar da ta yi kuka ita za a tura ta tuba? Ku mayar da koyon waƙa ya tashi da sauran haske, ku sa 'yan mata su riƙa tafiya tare. In magana ta fashe, sunan yarinyar ne zai fara ɓaci, shi kuwa bayan wata shida a ba shi makirfo ya ci gaba.

TAMBAYA TA BIYU

Mama, ni dattijon ikilisiya ne, shekara 22 ina kan kujerar. Da hannunmu muka buga bulon majami'ar nan, matanmu suka ɗebo ruwa a ka. Bara aka turo mana ƙaramin fasto, yaro ne sabon fitowa daga makarantar tauhidi. Ranar da yake wa'azi majami'a cika take har waje. Addu'ar Laraba da nake jagoranta, da mukan kai 60, yanzu da ƙyar mu kai 12, duk sun koma nazarin Littafi da ya buɗe ranar Juma'a. Ya kawo jita da manyan ganguna. Matasa ba sa zuwa gaishe ni neman shawara kamar da. Ni kishin gidan Allah ke cina, irin wanda ya sa Yesu ya kori masu ciniki daga Haikali. Mu uku mun sa hannu a takarda zuwa gunduma a ɗauke shi. Uwargidana ta ce hassada ce kawai. Ki raba mu.

Dattijo, daga Kaltungo

AMSA

Baba, ina gaisuwa, Allah ya sāka maka wahalar da ka sha a kan gidansa. Tun da ka ce in raba ku, zan faɗa da girmamawa amma ba zan ɓoye ba: uwargidanka tana da gaskiya.

Na karanta wasiƙarka na sake karantawa ina neman laifin yaron nan. Ban ga inda ya yi musun tashin Almasihu ba, ban ga inda ya taɓa kuɗin baiko ba, ban ga inda ya bi 'yar wani ba. Abin da na gani lissafi ne: da 60, yanzu 12. Sarki Saul ma da lissafi ya fara. Matan Isra'ila suka fito da bandiri suna waƙa cewa Saul ya kashe dubbai, Dawuda kuwa dubun dubbai. Dawuda bai ƙwace masa komai ba, Goliyat ma da ya kashe ai Saul ya hutar. Amma 1 Sama'ila 18:9 ta ce tun daga ranar Saul ya sa wa Dawuda ido. Washegari ya jefe shi da mashi yana kaɗa masa garaya. Kafin abin ya lafa, firistoci 85 aka karkashe a Nob don ɗayansu ya ba Dawuda gurasa. Ba na ce za ka kai can ba, Baba. Amma takardar nan da kuka sa wa hannu, a kan rayuwar yaron da aikinsa za ta sauka.

Ka ce kishinka irin na Yesu ne a Haikali. Mu duba. Abin da ya tayar masa da rai shi ne an mayar da gidan addu'a na dukan al'ummai ya zama kogon 'yan fashi, mai canjin kuɗi da mai sayar da tattabaru sun cika wurin da baƙo zai tsaya ya yi addu'a. Mutane ake tarewa daga Allah. A naku wurin kuwa mutane shigowa suke yi har ana rasa wurin zama. Almajiran kuma da suka tuna da ayar Zabura 69:9, cewa kishin gidanka zai cinye ni, shi ɗin kishin ya cinye, ransa ya bayar. Naka kishin, wa zai biya kuɗinsa, kai ko yaron?

Ga labarin da ya fi kama da naka, a Littafin Ƙidaya sura 11. Allah ya ɗibi Ruhun da ke kan Musa ya sa wa dattawa 70. Biyu daga cikinsu, Eldad da Medad, ba su je alfarwa ba, sai ga su suna annabci a cikin zango. Joshuwa, mai yi wa Musa hidima tun yana saurayi, ya ce, ya shugabana Musa, ka hana su. Shi a ganinsa martabar maigidansa yake karewa. Musa ya tambaye shi ko kishi yake yi dominsa, ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Haka almajiran Yahaya Maibaftisma suka zo masa da ƙorafi cewa wancan da ka yi wa shaida, wato Yesu, yana baftisma, kowa yana tafiya wurinsa. Ka ji fa, Baba, kusan kalmomin wasiƙarka ke nan. Yahaya ya ce shi abokin ango ne, farin cikinsa ya ji muryar ango, dole ne Yesu ya ƙaru ni kuwa in ragu. Iliya ma da ya ce ya yi kishi ƙwarai saboda Ubangiji, shi kaɗai ya rage, Allah ya nuna masa akwai 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi ya je ya shafa wa Elisha mai ya gaje shi. Aikin da aka ba mai kishin Allah ke nan, ya ɗora wani a wurinsa.

Maganar ganga kuwa, mu da muka manyanta mun san lokacin da wasu dattawa suke ganin kiɗa a majami'a ƙazanta ne. Yau wa zai raba Zumuntar Mata da tulunsu da cakinsu?

Ban ce yaron ba ya kuskure ba. Sabon fitowa daga makaranta yakan zo da ɗoki, wani lokaci har ya taka manya bai sani ba, kuma in bai zo gaishe ka ba ya yi laifi, a faɗa masa. In kuwa akwai koyarwar da ka ji ta karkace, Afolos ma gwanin magana ne amma saninsa bai cika ba. Akila da matarsa ba su rubuta takarda a kansa ba, jan sa suka yi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:26 ta nuna. Ka janye hannunka daga takardar nan tun ba ta yi nisa ba. Ka sa uwargidanka ta yi tuwo, ka kira shi gida, ka ba shi tarihin majami'ar tun daga bulon farko, domin akwai abin da ka sani wanda ba a koyarwa a aji. Ranar Juma'a mai zuwa kuma ka ɗauki Littafinka ka je ka zauna a nazarin nasa. Mutanenka 48 da kake nema suna can.

TAMBAYA TA UKU

Mama, ni ɗaliba ce, aurena saura wata huɗu, an biya sadaki, har anko an fitar. Saurayina ya karɓi lambar sirrin wayata, ya goge lambobin duk mazan da ke ciki har da ta ɗan baffana. Ya hana ni zuwa taron matasa. Kwanaki a kasuwar Taminus na tsaya gaisawa da wani da muka yi sakandare tare, muna komawa mota ya kwaɗa min mari. Daga baya ya durƙusa yana kuka, ya ce son da yake min ne ya yi yawa, ai Allah ma mai kishi ne. In mun yi aure zai daina?

Amarya mai jiran gado, daga Jos

AMSA

Ba zai daina ba, 'yata, ƙaruwa zai yi. Wanda ya mare ki tun kina gidan ubanki, me zai hana shi ranar da ya rufe ƙofa da ke a nasa gidan?

Kada ki yarda ya jingina hannunsa da sunan Allah. Allah mai kishin nan, da amaryarsa Isra'ila ta bi wasu alloli, annabi Yusha'u ya aika ya je ya fanso matarsa da kuɗinsa ya dawo da ita gida, don Isra'ila su ga irin zuciyar da yake da ita a kansu. Afisawa 5:25 ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. A jikinsa aka ga tabon ƙaunar, ba a kumatun amarya ba. Ke kuma ba ki karya wani alkawari ba, gaisuwa kika yi da rana tsaka a kasuwa. Wannan ba tsaron alkawari ba ne, mallaka ce da tsoro.

Yau ɗin nan ki gaya wa mahaifiyarki, ki gaya wa fastonku, har da marin, kada ki rage komai. A dakatar da bikin. Ki canza lambar sirrin wayarki, kada kuma ki je inda zai same ki ke kaɗai ranar da za a faɗa masa. Ki sani duka laifi ne a dokar ƙasa ma: tun 2015 Najeriya take da dokar hana cin zarafin mutane, jihohi da dama kuma sun ɗauke ta. Za a ce miki an kashe kuɗi, an ɗinka anko, me mutane za su ce. Sadaki ana mayarwa, atamfa kuma a sa ta zuwa bikin wata. In har zai gyaru, sai ya zauna a ƙarƙashin shawarar fasto na tsawon lokaci, a ga canji da ido, ba hawayen dare ɗaya ba. Ko da ya yi hakan ma, ba dole ba ne ki koma.

TAMBAYA TA HUƊU

Mama, ni ce uwargida. Maigidanmu ya yi min kishiya tun kafin bishara ta shigo gidanmu. Yanzu dukanmu uku muna zuwa sujada. Ita tana da 'ya'ya maza huɗu, ni mata biyu Allah ya ba ni. In an yi girbi, buhunta ya fi nawa, wai bakinta ya fi yawa. Kullum addu'ata ita ce fasto ya sa ya sallame ta, tun da mace ɗaya Allah ya tsara. Ashe nawa kishin ba shi ne na Allah ba?

Uwargida, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi

AMSA

'Yar'uwata, taki ta fi sauran nauyi, ba kuma zan yi kamar tana da sauƙi ba. Gaskiya ne, Farawa 2:24 mutum biyu ta sani, su zama jiki ɗaya. Duk gidan da aka tara mata a Littafi Mai Tsarki kuwa, sai an ji kuka a ciki: Saratu da Hajaratu, Rahila da Lai'atu waɗanda uba ɗaya ya haifa, Hannatu da Feninna wadda ke tsokanarta kowace shekara har ta kasa cin abinci. Ciwon da kike ji ba ƙirƙirarsa kika yi ba, an raba miki abin da aka yi shi don mutum ɗaya.

Sai dai addu'ar nan taki, ki bi ta har ƙarshenta ki gani. An sallame ta, ta ɗaura kayanta a ka. Ina za ta? Yara huɗun nan, 'yan'uwan 'ya'yanki, wa zai riƙe su? Saratu ta samu abin da kike roƙo, aka sallami Hajaratu da gurasa da salkar ruwa, ruwan ya ƙare a jejin Biyasheba, ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace don kada ta ga mutuwarsa. Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe mata ido ta ga rijiya. Lai'atu kuma da ba a so, Allah ya gan ta, ta haifi Yahuza, daga zuriyarsa Almasihu ya fito. Allahn da kike kai wa ƙarar abokiyar zamanki, ita ma yana jin nata kukan.

Ikilisiya ta daɗe tana fama da wannan tambaya. Bishop-bishop na Anglikan da suka taru a taron Lambeth a Ingila a 1888 sun ce kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Shekara 100 bayan haka, a 1988, suka sake zama suka ce ana iya yi masa tare da matansa masu bi da 'ya'yansu, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma kada a tilasta masa ya saki ko ɗaya, saboda wahalar da matan da aka kora za su shiga. Ba kowace ɗarika ce ta bi wannan ba, kowace da tsarinta a kan baftisma da jibin Ubangiji da riƙe muƙami, don haka wannan ɓangaren ku zauna da fastonku ku uku.

Inda kike da ƙafar tsayawa sosai shi ne maganar buhu. Fitowa 21:10 ta ce in mutum ya ƙara aure, kada ya rage wa ta farin abincinta, da suturarta, da haƙƙinta na kwana. In ana auna hatsi da yawan baki, to a auna a gabanku ku biyu, kowane yaro da mudunsa, mace da namiji daidai, kuɗin makarantar 'yan matanki kuma kada ya zo bayan na mazan. Wannan ki nema da babbar murya, in ya ƙi ki kira dattawa, ni ma ina bayanki. Ranar girkinki taki ce, kada a taɓa miki.

Addu'ar kuwa ki sauya mata hanya. Hannatu da ta je Shilo ta zuba ranta a gaban Ubangiji har firist Eli ya zaci buguwa ta yi, ki karanta roƙonta a 1 Sama'ila sura 1, ba ta ambaci sunan Feninna ba ko sau ɗaya. Abin da ta rasa ta roƙa. Ke ma ki roƙi naki: adalci a rumbu, karatun 'ya'yanki, da barci mai daɗi ranar da ba ke ce da girki ba. Ki sake rubuto min bayan kaka, in ji yadda aka yi rabon.